Yatsan da Dogo Bai Ɗaga Ba

Labarin ya iske Bahago a shagonsa, yana tsugune bayan wani tsohon firji da aka kawo gyara, kansa ya yi buɗu-buɗu da ƙura. Rediyon da ke kan kanta ne ya faɗa. Kulob ɗin ƙwallon kwando na garin zai kafa mutum-mutumin tagulla a ƙofar filin wasa don karrama gwarazansa uku: marigayi Koci mai horar da 'yan wasa, da marigayi Katanga mai tsaron baya, sai Dogo, wanda yanzu shi ne shugaban kulob ɗin. Bahago ya dakata da sifana a hannu yana jiran na huɗu. Mai labarai ya wuce ya shiga batun ruwan sama.

Rashin sunansa bai wani dame shi ba, ya saba. Abin da ya sa ya miƙe har ya buga ƙeya a jikin firjin shi ne ƙarin bayanin da ya biyo baya, wai za a ƙera Dogo ne yana tsaye ya miƙa hannun dama yana nuni da yatsa, domin wannan nunin shi ne alamar kulob ɗin.

To, ga wanda bai sani ba, nunin nan yana da tarihi. Koci ne ya kafa dokar tun suna samari: duk wanda ya jefa ƙwallo a kwando, kafin ya yi tsalle ko ihu, sai ya juya ya nuna wanda ya miƙo masa ita, kuma da hannun da ya yi jifar. Ba zai sauke hannun ba sai wancan ya ɗaga tafi ya amsa. Wanda ya manta, benci ne makomarsa ko da shi kaɗai ya iya wasa a duniya. Dokar ta bi jinin garin har ta fita daga fili. Mace ta miƙa wa mijinta gishiri a wajen cin abinci ya nuna ta, yara su tuntsire da dariya.

Sau ɗaya aka taɓa karya ta, kuma a ranar da ba a mantawa. Wasan ƙarshe ne na cin kofi, lokaci ya kusa cika, ana bin su da maki ɗaya. Ƙwallo ta kuɓuce za ta fita waje, Bahago ya yi sufa ya bi ta, gwiwarsa ta daki ƙarfen teburin alƙalai har na saman benci suka ji ƙarar. Daga kwancen ya wurga ta da hagunsa, ta ratsa tsakanin mutum biyu ta faɗa hannun Dogo. Dogo ya jefa, ta shiga, aka busa tashi. Bahago na kwance, zafi kamar ana zuba masa tafasasshen ruwa a ƙashi, amma ya riga ya ɗaga tafinsa yana jira. Dogo ya ruga wajen masu ɗaukar hoto yana dukan ƙirji. Koci kansa murna ta ɗauke masa hankali. Da wannan gwiwar wasan Bahago ya ƙare, kuma a cikin shekara talatin da ɗoriyar da suka biyo baya Dogo bai taɓa cewa komai a kan maganar ba. In sun haɗu a ɗaurin aure ko jana'iza ya ce, "A'a, Bahagona, ya ƙafa?" ya wuce.

Yanzu kuma mutumin da bai nuna ba shi za a zuba da tagulla yana nuni, jikoki su zo su gani su ce ga mai halacci. Bahago ya kashe rediyon, ya rufe shago tun rana tana tsaka.

Matarsa, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, tana yankan albasa a kicin ya shigo yana jan ƙafa fiye da kullum. Ta san wannan tafiyar. Gwiwar tana ƙara ciwo ne duk ranar da aka ambaci Dogo.

"Na ji a rediyo," ta ce ba ta ko ɗago ba. "Ruwa na cikin firji."

"Kin ji wai da yatsa za su yi shi? Da yatsa, Maman Auta!"

"Baban Auta, maganar nan fa ta girmi duk 'ya'yanmu. Da mace ce da tuni ta aurar da 'yarta."

"Ke ba a gabanki aka yi ba."

"A gabana aka yi mana. Wa ya wanke maka gwiwar a asibiti? Ai ribar da ka ci ke nan, ka rasa yatsa ka samu mata."

Kullum wannan zolayar tana sa shi murmushi ko bai so ba. Ran nan ba ta ci ba. Ya shige ɗaki ya kwanta rigingine yana kallon fanka, zuciyarsa na tafasa. Shi ba tagulla yake so ba, ba kuma suna a allo ba. Yatsan nan yake so, na Dogo, a gaban mutane, kamar yadda aka hana shi a gaban mutane.

Bayan 'yan makonni wata mata ta yi sallama a shago, sanye da rigar aiki mai tabon yumɓu. Ta ce ita aka ba aikin ƙera mutum-mutumin, kuma wata alfarma ta zo nema. Hannu take so ta ɗauki zubinsa, na tsohon ɗan wasa, irin wanda ƙwallo ta kumbura wa gaɓoɓi. An ce mata duk garin ba mai hannu irin nasa.

"Hannun wa za a yi da shi?"

"Na Shugaba, Baba. Mai nunin."

Saura kaɗan ya kore ta. Amma wani abu ya tsaya masa a rai: mutum yana raye, yana da hannunsa, me ya kawo aron na wani? Ya goge man inji a tsumma ya ce ta yi gaba, ga shi nan.

Wajen aikinta wani tsohon sito ne mai dogon rufi. Mutane uku na yumɓu suna tsaye a kan ƙarafa, an lulluɓe su da jiƙaƙƙun tsummoki don kada su bushe. Ta yaye na tsakiya. Ga Dogo yana ɗan shekara ashirin da wani abu, ba tumbi, ba sanƙo, hannun dama a miƙe amma ya ƙare a wuyan hannu, sai wani guntun ƙarfe da ya leƙo. Bahago ya daɗe yana kallon dungun nan, kuma ya ji daɗin ganinsa.

Ta zaunar da shi, ta shafe masa hannun dama da mai, ta gyara masa yatsu, ta tsoma hannun cikin bokitin wani kwaɓi mai sanyi, ta ce kada ya motsa sai ya daskare. Mutumin da aka kafe wa hannu a bokiti ba abin da ya rage masa sai baki.

"Shi Dogon ina nasa hannun ya tafi?"

"Ayyuka sun yi masa yawa, Baba."

"Ayyuka? Mutumin da zai iya yini a gaban madubi? Ai da kin ce zubin hancinsa kike so da a nan zai kwana."

Ta yi dariya, dariyar kuma ta kwance mata baki. "Wallahi mun gwada. 'Yarsa ce ma ta tallafe masa gwiwar hannun, amma yatsun sun ƙi miƙewa. Tun da ciwon nan ya taɓa masa ɓarin dama..." Sai ta dafe baki da hannu mai yumɓu. "Baba, don Allah. Ba a son kowa ya sani. Ko 'yan kwamiti ba su sani ba."

"Haba 'yata. Ba mai ji daga bakina."

Kuma gaskiya ya faɗa, bai gaya wa kowa ba. Yana zaune hannu a bokiti abubuwa suka riƙa faɗo masa ɗaya bayan ɗaya. Ashe shi ya sa Dogo ya koma sa kwat ko ana zafi, hannun dama kullum a aljihu. Ashe shi ya sa ya daina musabaha sai ɗan sunkuyar da kai, mutane suna cewa girman kai ne ya ƙaru. Da wani ne ya ji wannan, da tausayi ya kama shi. Bahago ya laluba cikin ransa ko zai samu, bai samu ba. Abin da ya samu shi ne wata natsuwa mai sanyi, irin ta wanda ya daɗe yana neman ƙusa a ƙasa sai ya taka ta.

Aka kafa mutum-mutumin ana saura kwanaki a buɗe shi, aka naɗe shi da shuɗin tamfol aka ɗaure da igiya. Sai dai hannun da aka miƙa ba ya ɓoyuwa, ya tokare tamfol ɗin ya yi tsini. Bahago ya je da hantsi kamar mai wucewa, ya tsaya nan, ya matsa can, yana kanne ido ɗaya, har ya gano inda tsinin ya dosa: gefen wata fitilar titi, kusa da famfon da 'yan kallo ke wanke fuska. Ya tsaya a wajen ya ɗaga kai. Daidai ƙirjinsa.

Daga nan ya nufi gidan Mai Ganga, shugaban tsofaffin magoya baya, wanda ya ƙarar da muryarsa da rabin jinsa a saman bencin filin nan. Ya same shi a ƙofar gida yana ɗaure fatar ganga.

"Ka tuna wasan kofi?"

"Me ka ce?"

"Wasan kofi!"

"Kai, Bahago, ko sunan matata na manta ai ba na manta wannan ba. Har yau abin yana ci mini rai. Dogo bai kyauta ba."

"To ga dama ta samu ya gyara. Ranar buɗewa zan tsaya inda yatsan ya nuna. Ku kuma ku tuna masa, cikin raha. Ya ɗaga hannu, in amsa, a tafa, shi ke nan an wuce wajen."

Idon tsohon ya kawo ruwa. Ya kama hannun Bahago da hannu biyu yana jijjigawa, yana cewa wannan shi ne zumunci, da Koci na raye da ya yi alfahari da su. Ya yi alkawarin tara duk tsofaffin da suka rage. Bahago ya bar shi yana share hawaye da gefen riga, ko gezau bai yi ba.

Ranar buɗewar da safe matarsa ta same shi yana goge tsohuwar rigar wasansa, wadda ta koɗe har lambar ta kusa ɓacewa.

"Wannan kuma ina za ta shiga? Ko tumbin za ka bari a gida?"

"Za ta shiga."

Ta shiga, da ƙyar, ya ɗora jaket a kai. Matar ta dube shi ta ce ita ma za ta, don ba ta yarda da wannan shirun nasa ba.

Ƙofar filin ta cika maƙil. An kafa rumfa da kujerun roba, an yi ɗan dandamali kusa da mutum-mutumin, 'yan wasan yanzu sun jeru cikin sababbin riguna suna danna waya. Aka yi jawabai masu tsawo. Matar Koci ta yi magana, ƙanin Katanga ya yi kuka. Dogo na zaune a tsakiya cikin baƙar kwat, 'yarsa a damansa ta manne da shi. Da aka zo jan igiya da hagu ya ja, ba wanda ya kula. Tamfol ya zame, tagulla ta ɗauki rana, wuri ya kaure da tafi.

Bahago ya riga ya isa gindin fitilar. Ya cire jaket ya miƙa wa matarsa, ya gyara tsayuwa a kan ƙafarsa mai lafiya.

Wata tsohuwa ce ta fara gani. Ta bi yatsan tagullar da ido har ya sauka a kan koɗaɗɗiyar rigar, ta yi salati, ta taɓo ta kusa da ita. Kawuna suka riƙa juyawa layi bayan layi. Waɗanda ke tsaye tsakaninsa da dandamalin suka dare da kansu, aka bar fili fetal daga yatsan zuwa ƙirjinsa. Yara suna tambayar iyayensu wane ne, iyaye suna ba su labari da sauri-sauri. Sai ganga ta tashi.

"Nuna shi! Nuna shi!"

Da farko tsofaffi ne kawai, da muryoyinsu da suka dishe. Kafin a jima samari sun karɓa, har 'yan wasan sun sa wayoyi a aljihu suna tafawa a kan kiɗan. Kowa na dariya, kowa na jin ana shirin yin wani abu mai kyau a gabansa. Dogo yana tsaye a gaban makirufo da takardar jawabinsa a hagu. Ya yi murmushi, ya ɗaga takardar ya yi nuni da ita wajen Bahago.

"A'a!" in ji Mai Ganga da iyakar ƙarfinsa. "Da dama ka jefa! Da dama!"

Taro ya ɗauka. "Da dama! Da dama!"

Murmushin Dogo ya tsaya a fuskarsa kamar an manna shi. Ya dubi Bahago ta cikin filin nan da aka buɗe, Bahago ya dube shi, kuma a wannan kallon kowannensu ya gane abin da ɗayan ya sani.

Matar Bahago ta damƙi hannunsa. Shekarun da ta yi a ɗakin marasa lafiya ba su tafi a banza ba, ta ga yadda kafaɗar Dogo ta zube, ta ga yadda 'yar ta yi fari fat.

"Baban Auta, mutumin nan ba shi da lafiya. Hannun nan ya shanye. Ka tsayar da su."

"Na sani."

Ta sake shi a hankali, ta ja baya tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa.

A kan dandamali 'yar ta kai hannu za ta tallafi gwiwar hannun mahaifinta a ɓoye, ta bayan kwat. Bahago ya ɗaga murya, muryar da ya saba kiran wasa da ita daga wannan kwando zuwa wancan.

"'Yata, matsa gefe. Ba ke na miƙa wa ƙwallo ba."

Aka yi dariya, don har lokacin ana zaton raha ce. Dogo ya ce wa 'yarsa wani abu, ta matsa tana girgiza kai. Ya saki takardar ta faɗi. Ya sa hagu ya zaro hannun dama daga aljihu, kamar mai ciro wani abu da ba nasa ba, ya sake shi.

Waɗanda ke gaba su suka fara yin shiru. Hannun ya rame, yatsun sun dunƙule sun lanƙwashe ciki. Shirun ya bi layi ya yi baya har ya kai ga Mai Ganga, wanda bai ji an daina ba sai da wani ya riƙe masa sanda. Dogo ya cije leɓe. Kafaɗarsa ta ɗaga, wuyansa ya karkace, jijiyoyin goshinsa suka fito. Hannun ya taso daga cinya yana rawa, ya kai ƙugu, ya tsaya, ya ƙara tasowa kaɗan. Gumi ya jiƙa masa kwalar riga. Makirufo na kusa da bakinsa, don haka duk filin ana jin numfashinsa. Da ya kai hannun daidai ƙirji, sai manunin ya ɗan motsa, ya rabu da 'yan'uwansa da kamar faɗin ƙwayar wake. Iyakar abin da zai iya ke nan, kuma Bahago yake nunawa, ba mai shakka.

Yanzu doka ta koma kan Bahago. Duk wanda ke wajen ya san ta, har yaran da aka gaya wa ɗazu. Ya ɗaga tafi, Dogo ya sauke. Idanu suka dawo kansa, wasu har sun ɗaga nasu tafin suna nuna masa, kamar mantawa ya yi.

Bahago ya mayar da hannayensa baya ya harɗe su.

"Bahago," in ji Mai Ganga. "Amsa mana. Don girman Allah amsa."

Bai ko waiwaya ba. Ya tsaya yana kallon hannun nan yana karkarwa a iska, yana kallon Dogo yana riƙe da shi da ƙarfin hali, don shi ma yaron Koci ne, ya san ba a saukewa. Ya riƙe fiye da yadda kowa ya zata. Sannan hannun ya faɗi da kansa, ya bugi sandar makirufo, lasifika ta yi wata ƙara da ta sa mutane toshe kunne. Dogo ya yi tangaɗi, 'yarsa ta tare shi, aka turo kujera.

Daɗi Bahago ya ji, ba sai an ɓoye ba. Daɗi mai nauyi, tun daga ƙirji har cikin gwiwar. Ya ja numfashi ya sauke, ya juya don ya karɓi jaket ɗinsa su tafi gida.

Jaket ɗin na rataye a kan famfo. Mutane sun ja da baya sun bar shi shi kaɗai a gindin fitilar, ba mai kallonsa kuma, har Mai Ganga ya juya masa ƙeya. Can ya hango matarsa a kan dandamali, ta durƙusa gaban kujerar Dogo, ta kwance masa maɓallin wuya, ta ɗora shanyayyen hannun a cinyarta tana murza yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana ba 'yar umarni a kawo ruwa.

"Maman Auta!" ya kira. "Mu tafi."

Ba ta ɗago ba. Ta sa hannu ɗaya a jaka ta zaro makullin gida, ta miƙa wa mai gadin filin da ke tsaye kusa da ita ta ce ya kai masa, ta ci gaba da murza yatsun.